Tambayoyi da Amsoshi kan Zuba Ruwan Lagireto da Fitar da Iska daga Injin Mota

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan'uwanmu mazauna Makka da Jidda da Madina suka fi yawan kawowa a kan ruwan sanyaya inji, musamman direbobin da ke jigilar masu Umara da waɗanda ke tuƙi a gidaje. An haɗa su wuri guda ne saboda sau da yawa motar da ta ɗauki zafi kwana ɗaya ko biyu bayan an canja mata ruwa ba wani ƙarfe ne ya lalace a cikinta ba, iska ce aka rufe a ciki. Kowace mota tana da littafinta, kuma duk inda littafin ya saɓa da abin da aka faɗa a nan, maganar littafin za a bi.

Tambaya: Ta ina ruwan yake bi a cikin inji, kuma yaya iska take samun wurin maƙalewa?

Amsa: Famfon ruwa ne yake tura ruwan ya ratsa ramukan da aka bari a jikin inji kewaye da silinda, ya hau kan inji inda wuta ta fi tsanani, sannan ya fito ta babban tiyo ya shiga lagireto, inda iskar tafiya da fanka suke ɗauke masa zafi kafin ya koma. Wani ƙaramin reshe kuma yana ratsawa ta bayan dashbod zuwa hita. Tsakanin inji da lagireto akwai tamostat, wata 'yar ƙofa da take rufe muddin inji yana da sanyi, ba ta buɗewa sai ruwan ya kai zafin da aka ƙayyade mata. A motocin Toyota da yawa wannan zafi digiri 82 ne a ma'aunin Selshiyos, a wasu motocin kuma yana kaiwa 90 ko ya ɗan wuce.

Duk lokacin da aka zubar da tsohon ruwa, ko aka cire tiyo, ko aka canja famfo, iska ce take cike gurbin da ruwan ya bari. Idan aka zo zuba sabo, inji yana da sanyi kuma tamostat tana rufe, sai lagireto ya cika har baki, mai zubawa ya ga ruwa ya tsaya ya ɗauka aiki ya ƙare, alhali a wuraren da suka fi tudu, wato kan inji da gidan tamostat da hita, iska tana nan ta rasa mafita.

Tambaya: Wace illa 'yar iska kaɗan za ta yi wa babban inji?

Amsa: Iska ba ta ɗaukar zafi yadda ruwa yake ɗauka, don haka wurin da ta tsaya a kan inji yana ci gaba da gasuwa ko da sauran jikin injin yana cikin ruwa. Kan inji na mafi yawan motocin zamani alminiyam ne, kuma alminiyam idan ya sha zafi a gefe guda yana lanƙwashewa, daga nan gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne iskar tana iya tsayawa daidai bakin na'urar auna zafi, sai allurar dashbod ta riƙa nuna lafiya, kwamfutar mota ba ta kunna fanka a kan lokaci ba, direba yana tafiya hankalinsa kwance. Haka kuma tamostat da ke zaune cikin iska ba ta jin zafin da ya kamata ta ji, sai ta makara wajen buɗewa, famfon da iska ta shiga kuwa yana juyawa ne kawai ba ya tura abin kirki.

Tambaya: Yaya zan gane cewa an bar iska a ciki?

Amsa: Allurar zafi za ta riƙa hawa da sauka ba tare da dalili ba, za a ji ƙarar ɓulɓul a bayan dashbod idan aka taka totur ko aka sha kwana, hita za ta ba da iska mai sanyi idan mota tana sulo ta ɗumama idan an taka, kuma 'yar jarkar roba da ke gefen lagireto, wadda masu shago a sana'iyya, wato unguwar makanikai, ke kira ƙirba, za ta riƙa tumbatsa bayan tafiya sannan a wayi gari ruwanta ya yi ƙasa sosai.

Tambaya: Malam, mu a nan ba mu da sanyin da ke daskarar da ruwa. Me zai hana in zuba ruwa zalla in huta da kashe riyal?

Amsa: Ɗan'uwa, hana daskarewa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukan wannan ruwa, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani gare mu, ko da yake wanda yake zuwa Tabuka ko Ɗuraif da hunturu ya san cewa arewacin ƙasar nan ma ruwa yana ƙanƙara. Aikin da ya fi damun mu shi ne hana tsatsa. A cikin inji guda akwai baƙin ƙarfe da alminiyam da roba, wani lokaci har da tagulla, dukkansu cikin ruwan zafi, kuma ruwa zalla yana cinye su a hankali: fukafukan famfo su zaizaye, siraran bututun lagireto su toshe da jar laka, hita ta huje ta jiƙa kafet. Ruwan lagireto na gaskiya haɗi ne na sinadarin etilin gilaikol da ruwa tatacce da magungunan da ke shafe jikin ƙarfe su kare shi, kuma waɗannan magunguna su ne suke ƙarewa da shekaru, shi ya sa ake canja shi.

Sannan akwai batun tafasa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a bakin teku kamar Jidda, amma a Ɗa'if, wadda ta haura mita 1,800 a sama, yana tafasa a wajen digiri 94. Inji mai lafiya kuwa yana aiki ne tsakanin digiri 85 da 105. Haɗin gilaikol da ruwa rabi da rabi yana kai wurin tafasa wajen digiri 107 a buɗe, idan kuma murfin lagireto ya riƙe matsi na kusan bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), yana kai shi kusan digiri 129. Wannan tazara ita ce take ceton mota a cunkoson goman ƙarshe na Ramadan, lokacin da za a yi awa guda ana ja da ciki da esi a kunne, kwalta tana huci. A aikin Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma a irin wannan rana iskar da ake sa ran ta sanyaya lagireto ita kanta mai zafi ce.

Gaskiya ne cewa ruwa zalla ya fi gilaikol ɗaukar zafi, kuma wannan ne dalilin da ya sa ba a zuba mai kaurin shi kaɗai ba tare da sirki ba. Rabi da rabi shi ne ma'aunin da aka fi yarda da shi. Idan gilaikol ya gaza kashi ɗaya cikin uku, kariyar tsatsa ta yi rauni, idan ya wuce kashi 70 cikin ɗari kuma sanyayawar ta ragu. Sai a karanta jikin galan da kyau, domin da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa an riga an sirka su, ba a ƙara musu ruwa, wasu masu araha kuma gilaikol ɗin da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai.

Tambaya: Idan zan sirka da kaina, da wane ruwa?

Amsa: Da ruwa tatacce wanda aka cire wa gishiri da ma'adinai, irin wanda ake zubawa a batir. A kula sosai kada a ɗauko ruwan asid na batir, domin kwalabensu sukan yi kama kuma sukan zauna a kanta ɗaya. Ruwan famfo na Jidda da Makka mafi yawansa daga matatun ruwan teku na Shu'aiba yake zuwa, amma ana mayar masa da ma'adinai don ya dace da sha, kuma yana kwana a tankunan gidaje. Ruwan tanka da na rijiyoyin kan hanya ya fi shi nauyi. Duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin ɓawon da ya manne a gindinta ya ga abin da irin wannan ruwa yake bari a cikin lagireto, kuma bututun lagireto sirara ne, ɓawo kaɗan ya isa ya rage musu aiki.

Tambaya: Ja zan saya ko kore? Mai shago ya ce mini ja na sababbin motoci ne.

Amsa: Launi rini ne da kamfani ya zuba, ba shi ne yake nuna abin da ke ciki ba, kuma ana iya samun galan biyu ja waɗanda magungunansu suka sha bamban. Tsohon kore yana ƙarewa da wuri, shi ya sa ake canja shi duk bayan shekara 2 ko wajen kilomita 40,000. Ruwan Toyota mai launin hoda, wanda suke kira Super Long Life, yana zuwa a sirke, kuma a littattafan motocinsu da yawa ana fara canja shi a kilomita 160,000, daga baya kuma duk bayan kilomita 80,000. Motocin GMC da Chevrolet suna amfani da Dex-Cool mai ruwan lemo tun tsakiyar shekarun 1990. Kamfanonin Japan da Koriya sun fi son maganin fosfet suna gudun siliket, yawancin na Turai kuwa suna gudun fosfet. Saboda haka abin da za a nema shi ne sunan nau'in da littafin motar ya ambata, a same shi rubuce a jikin galan. Haɗa nau'i biyu yana rage ƙwarin kariya, wani lokaci ma yana tara laka. Wanda ya sayi mota ta hannu bai san abin da ke cikinta ba, gara ya zubar da duka, ya wanke da ruwa tatacce har ya fito garau, ya fara daga farko.

Tambaya: Yaushe ne buɗe murfin lagireto ba shi da haɗari?

Amsa: Sai inji ya huce har mutum zai iya ɗora tafin hannunsa a kan babban tiyo na sama ya bar shi a nan, kuma idan ya matsa tiyon ya ji ya yi laushi. Tiyo mai tauri alama ce cewa har yanzu akwai matsi a ciki. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, da zarar an sassauta murfi kuwa sai ya tafasa nan take ya yi tsiri ya watsu a fuska da ƙirji. Ko inji ya huce, a ɗora tsumma mai kauri, a murɗa murfin zuwa tsayawar farko, a saurari hucin ya ƙare, sannan a danna a cire. Wanda ruwan ya ƙona ya sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudu na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, kuma idan ƙunar tana da faɗi ko a fuska take, a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a lamba 997.

Tambaya: To, yaya ake zubawa da fitar da iskar daga farko har ƙarshe?

Amsa: A zaɓi safiya, inji ya kwana bai tashi ba. A ajiye motar yadda gabanta zai ɗan fi bayanta tudu, ko a kan gangara ko a ɗaga ta da jek a sa mata madogara, domin bakin lagireto ya zama shi ne wuri mafi tsawo, iska kuwa kullum sama take nema. A ja birkin hannu. A tabbatar an rufe magudanar da ke ƙasan lagireto kuma duk maɗaurin tiyo ya koma mazauninsa. A murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, fankarta a mataki na ƙasa, esi a kashe.

Kafin a zuba komai, a duba littafi a san lita nawa motar take ci, sannan a auna wanda aka zubar. Ƙananan motoci sukan ci lita 5 zuwa 7, manya irin Land Cruiser da Suburban suna wuce lita 10. Buɗe magudanar lagireto kaɗai ba ya fitar da duka, kusan rabi yana iya zama a jikin inji da hita. Amfanin wannan awo shi ne, idan lita 4 ta fita amma lita 3 kawai ta shiga lagireto ya cika, an san cewa akwai iskar da ta tare gurbin lita guda, kuma ba a rufe bonet sai ta fito.

Idan motar tana da sukurun fitar da iska, wanda yakan kasance a gidan tamostat ko a kan tiyon hita, a sassauta shi. A kafa mazurari a bakin lagireto, kuma mafi kyau shi ne irin wanda ke ɗaurewa a bakin ya riƙe ruwa a sama. A zuba a hankali, siririn zubi, ana tsayawa ana barin ruwan ya sauka, domin wanda ya tuntsura galan gaba ɗaya yana tura iskar ciki ne ya toshe mata hanya. Ana zubawa ana matsa babban tiyo na sama da na ƙasa da hannu, za a ga kumfa tana tasowa cikin mazurari, ruwan ya ɗan faɗa. Daga sukurun za a fara jin huci, sai tofi mai kumfa, sai kuma ruwa ya miƙe ba yankewa, a nan ne ake ɗaure shi. Da yawa daga cikin waɗannan sukurori na roba ne, ɗauri kaɗan ya ishe su, wanda ya sa ƙarfi zai karya kan ya bar gindin a ciki. A cika 'yar jarkar gefe zuwa layin sama.

Yanzu a tayar da inji a bar shi a sulo, mazurari yana nan da ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku. A naɗe hannun jallabiya, a cire rawani ko duk wani mayafi mai lilo, domin bel yana juyawa kuma fankar lantarki tana tashi da kanta ba sanarwa. Minti na farko ba za a ga abu mai yawa ba. Yayin da inji yake ɗumama, ruwan mazurari zai ɗan hau saboda ruwa yana kumbura da zafi, ƙananan kumfa suna fitowa jefi-jefi. Bayan minti 10 zuwa 20 tamostat za ta buɗe, kuma ba a kuskure wannan lokaci: ruwan mazurari yana faɗawa ƙasa farat ɗaya, manyan kumfa su ɓulɓulo, tiyon da tun ɗazu yake da sanyi ya ɗauki zafi. A ƙara ruwa nan da nan kada mazurarin ya bushe ya sake shan iska. Sai wani ya zauna a kujerar direba ya riƙe totur a juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, na tsawon kamar rabin minti, ya saki, ya maimaita sau da dama, idonsa a kan allurar zafi. Idan allura ta wuce inda ta saba tsayawa ta nufi ja, a kashe inji, a bari ya huce, a sake farawa.

Ana ci gaba har sai abubuwa uku sun tabbata: hita tana ba da iska mai zafi sosai ko da a sulo, fankar lagireto ta tashi ta mutu aƙalla sau biyu, kumfa kuma ta daina fitowa. Sai a kashe inji a bar shi ya huce da mazurarin a kai, domin ruwa yana tsukewa idan ya huce kuma gara ya zuƙo ruwa daga mazurari da ya zuƙo iska. Bayan haka a cire mazurari, lagireto cike har wuya, a rufe murfi ya kai ƙarshen murɗinsa.

Aikin bai ƙare a wannan rana ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin sakaci. A yi gajeren zagaye cikin unguwa, a dawo, a duba ƙasan mota ko akwai ɗiga. Washegari da safe, kafin a tayar da inji, a buɗe murfi a duba, a duba 'yar jarka, a cika abin da ya ragu. A maimaita haka safiya biyu ko uku. Raguwa kaɗan a ranar farko ba laifi ba ce, ragowar iska ce ta fita. Ni dai ba na ba wa direba shawarar ya canja ruwa da yamma ya ɗauki fasinja daga Makka zuwa Madina da asuba, tafiyar kusan kilomita 450, bai ga yadda ruwan ya kwana ba.

Tambaya: Hitar motata an daɗe da yanke ta, tunda ba ma amfani da ita. Shin hakan ya shafi aikin?

Amsa: Idan an haɗa tiyon biyu da juna da kyau, ruwan zai zagaya kuma za a iya fitar da iska, sai dai an rasa alama mafi sauƙi ta gane cewa aikin ya yi. A duba kada mahaɗin ya yi tudu ya zama maɓoyar iska, kuma kada tiyon ya lanƙwashe ya toshe.

Tambaya: Motata ba ta da murfi a kan lagireto, jarka kawai nake gani. Hanyar ɗaya ce?

Amsa: A irin waɗannan motoci, da suka haɗa da yawancin na Turai da na Amurka, jarkar ita kanta tana cikin matsi, murfinta shi ne murfin lagireto, kuma ta nan ake zubawa. Ba a cika ta har baki, ana tsayawa a layin da aka zana, domin sararin da ke sama shi ne wurin da ruwa zai kumbura. Wasu motocin BMW famfonsu na lantarki ne, kuma suna da tsarin da ake kunnawa famfon ya yi ta zagaya ruwa na wajen minti 12 inji a kashe har iskar ta fita. Motoci masu haɗin fetur da lantarki, irin Camry da Prius, suna da zagaye biyu, ɗaya na inji ɗaya na na'urar wuta, kowanne da jarkarsa, kuma ba a taɓa wayoyi masu ruwan lemo da ke kusa da su. Motocin da ke da hita ta baya kuma bututunsu dogaye ne a ƙarƙashin mota, iska tana daɗewa a ciki.

Ga duk waɗannan, abin da ya fi shi ne a nemi garejin da ke da na'urar zuƙe iska. Ana ɗaura ta a bakin jarka, ta zuƙe iskar da ke ciki har tiyo su shafe su manne, a rufe a jira a ga ko allurarta za ta motsa, wanda hakan gwajin yoyo ne a lokaci guda, sannan a buɗe ɗaya bakin ruwan ya shige ya cika kowane lungu cikin 'yan mintoci. Kafin a ba makaniki motar, a tambaye shi ko yana da wannan na'ura.

Tambaya: Na yi duk yadda aka ce, amma kumfa ta ƙi ƙarewa. Mene ne matsalar?

Amsa: Iskar da aka rufe a ciki tana da iyaka, tana raguwa har ta ƙare. Kumfar da ke fitowa a jere ba tsayawa, tana ƙaruwa idan an taka totur, mai yiwuwa hayaƙin silinda ne yake ratsa gasket ɗin kan inji yana shiga ruwa. Sauran alamun su ne tiyo ya yi tauri minti kaɗan bayan tashin inji tun bai yi zafi ba, farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari daga salansa, baƙin mai ya koma launin shayi da madara, da ruwa da ke raguwa kullum ba a ga inda yake ɗiga ba. Akwai gwaji mai sauƙi da makanikai ke yi da wani shuɗin ruwa a bakin lagireto, wanda yake komawa rawaya idan hayaƙin fetur ya ratsa shi. Idan gwajin ya tabbatar, ƙarin ruwa ba zai yi magani ba, kuma kowace tafiya tana ƙara kuɗin gyara.

Tambaya: Wani makaniki ya ce in cire tamostat gaba ɗaya, wai ta ƙasashen sanyi ce. Ya yi gaskiya?

Amsa: Bai yi ba, ko da yake wannan magana ta yaɗu a nan kamar yadda ta yaɗu a Kano da Khartum. An ƙera inji ne ya yi aiki a wani zafi sananne, kuma idan ya daɗe bai kai shi ba, kwamfuta tana ci gaba da ba shi fetur da yawa, baƙin mai ya yi saurin lalacewa, ƙarafa su ci juna. Bayan haka, a injuna da yawa tamostat tana da aiki na biyu: idan ta buɗe hanyar lagireto, tana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. Idan aka cire ta, wannan hanya tana zama a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa zagayawa bai je lagireto ba, sai motar ta fi yin zafi a hawa, wato daidai abin da ake gudu. Motar da ke zafi da tamostat mai lafiya tana da wata cuta dabam, kuma a ƙasar nan sau da yawa ƙura da yashi ne suka cushe tsakanin lagireto da na esi da ke gabansa, ko fanka ta yi rauni. Idan tamostat ta lalace a sa sabuwa mai lamba ɗaya da ta asali, kuma idan tana da ɗan ƙaramin rami mai ƙarfe mai motsi a gefenta, wannan rami ya kalli sama, domin ta nan iska take wucewa lokacin zubi.

Tambaya: Murfin lagireto yana lalacewa?

Amsa: Ƙwarai kuwa, kuma yana cikin mafi arahar kayan da ke jawo babbar asara. Lambar da ke kansa, 0.9 ko 1.1 a yawancin motocin Japan, ita ce matsin da yake riƙewa. Idan robarsa ta tsage, ruwa zai tafasa da wuri. A ƙarƙashinsa kuma akwai wata 'yar ƙofa da ke barin ruwa ya dawo daga jarka idan inji ya huce, idan ta maƙale sai a ga jarka cike, lagireto kuwa da saura, tiyo ya shafe da safe. A sayi mai lamba ɗaya da na asali.

Tambaya: Idan allura ta hau ina tsakiyar hawan Hada na zuwa Ɗa'if ko a hanyar Hijira ta zuwa Madina, me zan yi?

Amsa: A kashe esi nan take, a kunna hita da fankarta zuwa ƙarshe, a sauke gilasai, domin hita ƙaramin lagireto ce kuma tana rage wa inji zafi ko da fasinjoji za su sha wuya na ɗan lokaci. A nemi wuri mai faɗi a fita daga kan titi. Idan babu tururi, ruwa bai zube ba, kuma fanka tana juyawa, a bar inji a sulo na 'yan mintoci a ga ko allura za ta sauko. Idan kuwa tururi yana tashi, ko ruwa yana zuba a ƙasa, ko allura ta shiga ja, a kashe inji ba jinkiri. A jira aƙalla rabin awa, da rana tsaka ma fiye da haka. Kada a kwara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi, kan inji yana iya tsagewa. Bayan ya huce, duk ruwa mai tsabta da ke hannu ya fi babu, ko da ruwan sha na kwalba ne, a zuba a hankali, a lallaɓa zuwa gari mafi kusa, sannan a canja shi da ruwan da ya dace bayan an gano inda ya zube. Idan allura ta sake hawa bayan 'yan kilomita, a tsaya a kira motar ɗaukar mota, wadda a nan ake kira satha. Lambar jami'an tsaron manyan hanyoyi 996 ce, a yankin Makka kuma 911 tana haɗa mutum da duk masu agajin gaggawa.

Tambaya: Yaya zan yi da tsohon ruwan da na zubar, da kuma ragowar galan?

Amsa: Etilin gilaikol guba ce mai lalata ƙoda, kuma tana da zaƙi da launi mai jan hankalin yara, kyanwa ma tana lasar wanda ya zube a ƙasa. A tari tsohon ruwan a faffaɗan kwano, a juye a galan mai murfi, a kai garejin da ke karɓar tsohon mai, kada a zuba a magudanar unguwa ko a kan ƙasa. Wanda ya ɗiga a tsakar gida a tsane shi da yashi a kwashe, sannan a wanke wurin. Ragowar sabon kuma ya zauna a galan ɗinsa na asali, a wuri mai tsawo. Kada a taɓa juye shi a kwalbar ruwan sha ko a jarkar da aka saba ɗebo Zamzam da ita, domin a gidajenmu irin wannan jarka kowa yana ɗauka ya sha ba tare da tambaya ba. Idan yaro ya sha, ko da kurɓi kaɗan ne kuma ko da yana wasansa lafiya, kada a jira alama, kada a sa shi amai, domin illar ƙodar tana bayyana ne bayan sa'o'i masu yawa kuma maganin ya fi aiki idan an fara da wuri. A kira 997 ko layin Ma'aikatar Lafiya 937, a kama hanyar asibiti, a tafi da galan ɗin domin likita ya karanta abin da ke rubuce a jikinsa.